Ruwan Cikin Gwaggo

Gwaggo muke ce mata,
a-kori-kurar da Baba ya bar mana
tare da bashin taki da carbi mai guntun tuntu.
Lahadin da ta wuce, a hanyar Gujungu,
da kankana ɗari da ashirin a bayanta,
ta ɗau zafi, allura ta haye kan ja,
ta tsaya gefen titi tana huci
kamar madambaci.

Yau tun asuba na bar ta ta huce.
Ba a buɗe bakin mai fushi,
haka Baba ke cewa,
yana nuna tabon ƙuna a damtsensa.

Na kwanta ƙarƙashinta a gindin maina,
na sassauta tiyon ƙasa.
Sai ga shi ya ɓalle,
jawur kamar tofin goro,
da kauri kamar kunun da ya kwana.
Ya bi hannuna har gwiwa,
ya yi wa ƙasa lalle.

Na tara a kwano ina kallo.
Wannan laka ta kududdufin Majiya ce,
ranar da muka maƙale da damina.
Wannan yashi na kogin Ringim ne.
Farin nan mai ɓarɓashi
na rijiyar Maigatari ne, mai ɗanɗanon kanwa.
Shekara ashirin da shida,
duk inda ƙishi ya kama ta
abin da ya samu shi yake ba ta.
Ashe ba sha take ba, ajiya take.

Tun jiya Hansai ta jiƙa min tsamiya,
ta tace da tsohon ɗankwali
tana mita, wai ta kunun azumi ce.
Na ɗura wa lagireto har wuya,
na tayar, na bar injin yana gunaguni
har inuwa ta matsa taku biyu.
Na kashe. Na jira. Na zubar.
Na sake.
Jarka bakwai yara suka turo daga tuƙa-tuƙa,
na biya su da kankanar da ta fashe.
A ta biyar ya koma ruwan shayi,
a ta shida ruwan wankin shinkafa,
a ta bakwai na hangi zanen tafina ta cikinsa.

Na ɗaure tiyo, na cika, na miƙe
ina kaɗe ƙasa daga ƙeya,
ina jin kaina wani ne.

Ɗis.

Ɗis.

Cindo makanike na zaune kan tsohuwar taya,
tun ɗazu bai ce uffan ba.
Ya leƙa, ya shafa da yatsa, ya yi dariya
har haƙorinsa ɗaya tilo ya fito.
"Hujin nan ya girmi 'yarka.
Tsatsar da ka kora ce ke toshe da shi.
Ubanka ya sani,
shi ya sa bai taɓa wanke ta tas ba."

Na yi tsaye da sifana a hannu.
Na tuna abin da ba a faɗa a gidanmu:
gonar fadama da Kawu Nomau ya riƙe,
yadda Baba ke gaishe shi har da durƙuso,
da rantsuwar da na yi ran sadakar arba'in
cewa sai na tono komai.

Cindo ya zaro ƙullin garin taba daga aljihu,
ya barbaɗa a bakin lagireto.
"Zai kai ka Gujungu, ya dawo da kai.
Ran Litinin ka kwance shi,
a kai Ringim a yi masa dalma.
Wanda ya wanke, shi ke liƙi."

Ɗigon ya yi jinkiri,
ya ƙara jinkiri,
ya tsaya.
Allura ta zauna a tsakiya
kamar mai tahiya.

Kaji sun zo suna tsattsagar jan wurin.
Kwanon nan ban zubar ba.
Yana kan katanga, lakar ta kwanta,
na samansa ya yi garau,
ni kuwa har yanzu ban san
abin da zan ce wa Kawu ba.